Abin da ke bayan silin: yadda gyaran tashar jirgin sama ke rage shan wuta ko ya ƙara shi

Wata bazara na taɓa yin zaman awa uku a ɗakin jiran wani filin jirgin sama, ba sai na kama sunansa ba. Ginin bai daɗe da shan gyara ba. Tayil yana ta ƙyalli, bangon yamma kuwa gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Amma a jikin bango an jera AC na tsaye kusan goma, irin waɗanda ake haya a wurin biki, kowace da bokiti a gindinta yana tarar ruwan da ke ɗiga. Wanda ya samu kujera kusa da su ya kafe, sauranmu muna ta fifita da tikiti. Wata dattijuwa a gefena ta tsayar da wani ma'aikaci ta ce, "Ɗan nan, waɗancan ramukan na sama ba iska suke bayarwa ba?" Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce, "Hajiya, babban injin ne ya tsaya, ana jiran kayan gyara."

Wannan zaman nake tunawa duk lokacin da aka ce za a gyara tashar jirgin sama. A tsakiyar shekarar 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kimanin naira biliyan 712 don sake fasalin tsohon ginin fasinjojin ƙasa da ƙasa na filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas, wanda aka buɗe a 1979, tare da wasu ayyukan da ke haɗe da shi. An yi ta muhawara a kan yawan kuɗin, kuma muhawara ce da ta dace. Sai dai akwai wani lissafin da bai cika shiga bakin mutane ba: nawa ginin zai riƙa ci a kuɗin wuta da man dizal kowane wata, har tsawon shekara talatin bayan an yanke ƙyalle? Amsar ba ta jikin tayil ko kujeru. Tana bayan silin, da saman rufi, da ɗakin injuna da fasinja ba ya taɓa gani.

Tashar jirgin sama gini ne mai wuyar sha'ani. Ba ta barci. Rufinta yana da tsawo, ƙofofinta ba sa minti ɗaya a rufe, kuma jama'arta ba sa zuwa daidai wa daida: ƙarfe shida na safe wurin ya cika maƙil, ƙarfe sha ɗaya kamar an yi shara. Kowane mutum da ke zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, wato fasinja dubu ɗaya daidai suke da murhun lantarki mai kilowat 100 a kunne. Ga fitilu, ga na'urorin duba kaya, ga allunan talla, ga wuraren dafa abinci, duk wutar da suka sha a ƙarshe zafi take komawa a cikin ginin. Shi ya sa a ƙasashe masu zafi na'urorin sanyaya wuri ne ke lashe kaso mafi tsoka na wutar tasha. A Najeriya wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Idan kuma an ɗauke wuta aka koma janareta, litar dizal ɗaya yunit uku ko uku da rabi kawai take bayarwa. Mai karatu ya duba farashin lita a gidan mai ya yi lissafin da kansa.

Inda yawancin masu gyara ke tuntuɓe shi ne wajen jeri. Sai a fara da sayen manyan injuna, ko a fara da hoton farantan sola saboda shi ke burge manyan baƙi. Injiniyan da ya san aikinsa daga rana yake farawa: ta ina zafi ke shigowa, kuma yaya za a tare shi tun a waje?

Mu ɗauki misali da wancan bangon gilashin. A ce tsawonsa mita 100 ne, tsayinsa mita 10, wato murabba'in mita 1,000, yana kallon yamma. Da la'asar, idan rana ta karkata ta dube shi ido da ido, kowane murabba'in mita na gilashi garau zai iya shigo da zafin da ya kai wat 500. Jimla kilowat 500 ke nan. AC mai doki ɗaya da rabi, irin ta ɗakunanmu, zafin da take iya kwashewa kusan kilowat uku da rabi ne. Wato sai an kunna irinta wajen 140 kafin a biya bashin bango guda, tun ba a zo kan fasinja ko ɗaya ba. Gilashi ya samu karɓuwa a gine-ginen arewacin Turai ne saboda can rana baƙuwa ce, nemanta ake yi. Mu da take kwana a gidanmu, kwaikwayon wannan fasalin ba tare da gyara ba tamkar mutum ya hura wuta a ɗaki ne sannan ya aika a sayo masa fanka.

Maganin ba sai an rushe bango ba. Labulen ciki ba ya wani tasiri, domin kafin hasken ya iso gare shi zafin ya riga ya shigo. Abin da ke aiki shi ne inuwa daga waje: a tsawaita bakin rufi ya yi baranda, ko a jera filafilan ƙarfe a gaban gilashin, na kwance a gefen da rana ke dukansa daga sama, na tsaye a gabas da yamma inda take zuwa a kaikaice. Sai a musanya gilashin da mai ruɓi biyu wanda aka shafa wa wani siririn sinadari da ke barin haske ya wuce ya mayar da yawancin zafin. Rufi ma haka. A kusa da tsakiyar duniya, inda muke, rufi ya fi kowane bango shan rana, don haka farin fenti mai mayar da haske da shimfiɗar abin tare zafi a ƙarƙashinsa suna cikin gyare-gyare mafi araha da saurin mayar da kuɗinsu. Maginan Kano da Zariya da Agadas ba su karanta wannan a littafi ba, amma soron ƙasa mai kaurin bango da 'yar ƙaramar taga kusa da rufi lissafin nan ne dai.

Har zaure ma yana da wurinsa. Ƙofar tasha mai buɗe kanta, idan ƙwaya ɗaya ce tsakanin titi da ɗakin da aka sanyaya, duk shigar mutum sai iskar waje ta biyo shi. Idan aka yi ƙofa biyu da ɗan fili a tsakaninsu, yadda ta farko za ta rufe kafin ta biyu ta buɗe, an rage wannan asarar sosai. Zaure ke nan da sunan zamani. Haka ƙofofin gadar shiga jirgi, waɗanda ma'aikata ke tokarewa da kujera su bar su a hangame tun safe.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan zurfi, kuma alhazanmu sun zauna a ƙarƙashin amsarta ko da ba su lura ba. Tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wadda aka kammala a 1981, aikin kamfanin SOM ne na Amurka, kuma cikin manyan injiniyoyinta akwai Fazlur Rahman Khan, haifaffen Dhaka. Matsalar da aka ɗora musu ita ce dubun dubatar mutane za su sauka a ɗan taƙin lokaci, su yi awanni suna jira, a cikin zafin Hijaz, sannan bayan aikin Hajji wurin ya koma kusan wayam. Da sun rufe wannan filin duka da bango suka saka AC, da kuɗin wutarsa ya zama abin ba da labari. Sai suka raba aikin biyu. Inda ake duba fasfo da lafiya da kaya, nan aka yi rufaffen gini mai sanyi. Wurin jira kuwa aka yi masa rumfuna 210 masu siffar tanti, kowace mita 45 a tsawo da faɗi, da wani farin yadi na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, a rataye a jikin dogayen ginshiƙan ƙarfe. Yadin yana mayar da mafi yawan zafin rana, yana barin haske mai laushi ya ratso, don haka da rana ba a buƙatar fitila. Gefuna a buɗe suke, kuma ƙoƙon kowace rumfa yana da kafa a sama, inda iska mai zafi ke tashi ta fice, wata ta shigo ta ƙasa. Ginin ya samu kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1983. Ba na cewa wanda ya kwana a can da zafi ya ji kamar yana cikin firji. Amma tambayar da suka yi ita ce wadda ya kamata mai gyaran tsohuwar tasha ya fara yi: shin dole ne a sanyaya ko'ina? Wurin da 'yan rakiya ke tsayawa, da wurin jiran mota, da dogon lungun da mutum ke ratsawa cikin minti biyu, inuwa da manyan fankoki sun ishe su. Sanyi na gaske a ajiye shi inda ake zaman awanni.

To, an rage zafin da ke shigowa, an rage filin da za a sanyaya. Saura yadda za a kai sanyin.

Tsohon tsari shi ne a huro iska mai sanyi sosai, wajen digiri 13, daga silin da ƙarfi, ta gauraya da duk iskar ɗakin. A ofis mai tsayin mita uku wannan ba laifi. A ɗakin tasha mai tsayin mita 15 kuwa, ana kashe kuɗi ne wajen sanyaya mita 13 da babu kowa a cikinsu sai tsuntsun da ya ɓata hanya. Sabon tsarin yana juya abin. Ana sako iskar daga ƙasa, ta jikin ginshiƙai ko gindin bango, a hankali, kuma ba ta kai waccan sanyi ba, digiri 18 zuwa 20. Da yake iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta malala a ƙasa kamar ruwa. Idan ta taɓa jikin mutum ta ɗumama sai ta tashi, ta tafi da zafinsa da numfashinsa sama, a zuƙe ta daga can. Saman ɗakin ya yi zafinsa, ba ruwan kowa. Wannan shi aka yi a tasha ta biyu ta filin jirgin San Faransisko. Gini ne na 1954 da ya daɗe yana aikin jiragen ƙasa da ƙasa, aka rufe shi a 2000, aka yi masa gyara na gaske aka sake buɗe shi a watan Afrilun 2011, ya zama tashar jirgi ta farko a Amurka da ta samu shaidar LEED, wadda ake ba gine-gine masu tattalin wuta da kare muhalli, a matakin zinariya. Abin lura a nan shi ne ba sabon gini aka tayar ba. Tsohon ne aka sake wa hanji, aka buɗe tagogi a sama don hasken rana ya wadaci ciki.

A filin jirgin Suvarnabhumi na Bankok, wanda aka buɗe a 2006, an ƙara wata dabarar: bututan ruwan sanyi a binne cikin daɓe. Hikimar ita ce ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Bokitin ruwa ɗaya yana ɗaukar abin da sai bokitin iska kusan 3,500 za su ɗauka, don haka ƙaramin famfo yana yin aikin da sai ƙatuwar fanka. Daɓen yana shanye zafin hasken da ya faɗo a kansa tun kafin ya ɗumama ɗakin. Amma akwai tarko. Duk wanda ya ɗauko kwalbar lemo daga firji a watan Agusta ya ga yadda take yin gumi. Daɓe mai sanyi a garin da iskarsa ke da laima haka zai yi, fasinja ya zame ya karye. Dole sai an fara busar da iskar da ke shiga, kuma ginin ya zama ba ya yoyon iska. Idan ba za a iya riƙe wannan ƙa'idar ba, gara kada a fara.

Nan ne nake ganin kuskuren ɗaukar zane guda a buga shi a garuruwa daban-daban. Zafin Legas da Fatakwal na laima ne, babban aikin injin a can shi ne matse ruwa daga cikin iska. Zafin Kano da Sakkwato da Yamai a watan Maris da Afrilu busasshe ne, yana haura digiri 40 amma iskar ba ruwa. A irin wannan yanayin tururin ruwa kaɗai yana sanyaya iska, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Wannan ilimin ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya mayar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex. A babban gini ana iya bi da iskar waje ta cikin jiƙaƙƙen abu kafin ta isa injin, a rage masa rabin wahala da ɗan ƙaramin kuɗin wuta. Sai dai dabarar tana shan ruwa, kuma da damina ta faɗi amfaninta ya ragu. Don haka sai an auna: ruwa nawa ake da shi a watan da rijiyoyi ke ƙafewa, kuma wata nawa a shekara dabarar za ta yi aiki.

Zuciyar tsarin ita ce babban injin sanyaya ruwa, wanda masu aikin ke kira cila. Ita ce ke sanyaya ruwan da famfuna ke zagayawa da shi ko'ina a ginin. AC ta ɗaki tana kwashe zafi kusan ninki uku na wutar da ta sha, babbar cila ta zamani mai hasumiyar ruwa kuwa tana kaiwa ninki biyar zuwa shida. Wannan ya nuna asarar da ke cikin waɗancan AC na tsaye da bokitansu: aiki ɗaya, wuta kusan ninki biyu. Amma cila ma ana yin kuskure wajen sayenta. Mai zane yana tsoron a zarge shi, sai ya ƙara kaso a kan lissafi. Ɗan kwangila ya ƙara nasa. A ƙarshe a kawo dodon injin da aka auna da rana mafi zafi a shekara, da cunkoso mafi yawa, da ƙari a kai, alhali ginin yana yin yawancin rayuwarsa ne a rabin wannan nauyin. Ya fi kyau a sayi matsakaita uku ko huɗu da za a riƙa kunnawa gwargwadon buƙata. Idan ɗaya ta lalace ma ba a koma fifita da tikiti ba.

Sai wata 'yar na'ura da ba ta da kwarjini amma ta fi yawancin abubuwan da ake ɗauka hoto amfani, wato mai rage gudun injin fanka ko na famfo ko ƙara shi. Tsofaffin fankoki da famfuna gudu ɗaya suka sani. Idan iskar ta yi yawa sai a ɗan toshe bututun, kamar direban da ya take totur har ƙasa yana daidaita gudu da birki. Ƙa'idar fanka kuwa ita ce wutar da take sha tana bin gudunta ninki uku a jere. Idan aka rage gudun da kashi 20 cikin ɗari, sai a yi 0.8 sau 0.8 sau 0.8, a samu kusan 0.5. Rabin wutar ya tafi, alhali iskar kashi ɗaya cikin biyar kawai ta ragu. A tashar da ke da fankoki da famfuna ɗaruruwa, wannan kaɗai yakan mayar da kuɗinsa cikin 'yan shekaru.

Batun fitilu ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙwan LED yana shan rabin wutar tsofaffin dogayen ƙwayaye ko ƙasa da haka, kuma ribarsa biyu ce, tunda zafin da bai fitar ba cila ba za ta yi wahalar kwashe shi ba. Bel ɗin kaya ya tsaya idan babu jaka a kansa, matakala mai tafiya da kanta ta rage gudu idan ba kowa.

Abin da tasha ta fi kowane gini sa'a a kansa shi ne ta san baƙinta tun kafin su iso. Jadawalin jirage yana nan a kwamfuta. Idan aka haɗa shi da kwamfutar da ke sarrafa injunan ginin, ƙofa ta bakwai za ta fara sanyi awa ɗaya da rabi kafin jirginta, ta rage fitila da iska bayan ya tashi. Na'urar auna numfashin jama'a za ta faɗa wa injin yawan iskar waje da zai shigo da ita, maimakon ya yi ta jawo iska mai zafi don kujerun da ba kowa. A takarda abin gwanin sha'awa. A aikace, nan ne gyare-gyare da yawa ke mutuwa. Na'urar auna zafi ɗaya ta lalace, wani babba ya yi ƙorafi, ma'aikacin dare ya murɗa komai zuwa "hannu" ya bar shi a ƙarshen gudu, kuma haka zai zauna shekara biyar. Wani lokacin ma kamfanin da ya haɗa tsarin ya koma ƙasarsu da lambar sirrin shiga kwamfutar. Shi ya sa gwajin ƙarshe, inda ake bin kowace fanka da kowane bawul a tabbatar suna yin abin da zane ya ce, da horar da waɗanda za a bar wa ginin, ba ƙarin ado ba ne. Amma su ake fara yankewa idan ranar buɗewa ta matso.

A waje, bakin gadar shiga jirgi, akwai wata ɓarnar da fasinja ke ji da kunnensa bai san mece ce ba. Wannan ƙarar da jirgi ke yi yana tsaye, manyan injunansa a kashe, ta wani ƙaramin inji ce a wutsiyarsa da ke ƙona man jirgi don ba shi wuta da sanyi. Tashar da aka gyara da hankali tana ba jirgin wuta daga gini. Sai dai ba a jona shi kai tsaye, domin wutar gari tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta jirgi kuwa sau 400, don haka sai an sa na'urar juyawa a ƙarƙashin gadar, tare da ƙaton bututu mai rawaya da ke hura masa iska mai sanyi. Kuɗin wutar tashar zai ɗan ƙaru, amma man da aka daina ƙonawa ya fi shi yawa, ma'aikatan ƙasa kuma su huta da hayaƙi. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da Tarayyar Turai sun gwada haɗa wannan da wutar sola a filin jirgin Moi da ke Mombasa a Kenya da kuma na Duwala a Kamaru.

Wasu ƙasashen sun nemi sanyi a abin da Allah ya ba su kyauta. A Oslo ta Norway, faɗaɗa tashar da aka kammala a 2017 ya zo da rumbun dusar ƙanƙara: wadda aka share daga filin da hunturu ake tarawa a lulluɓe, da zafi a yi amfani da sanyin ruwanta. A filin jirgin Arlanda na Suwidin ana ajiye sanyi da ɗumi a cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma ana iya sanyaya ruwa ko a yi ƙanƙara a manyan tankuna lokacin da wuta ke da araha, a yi amfani da ita lokacin tsada. Tankin ruwan sanyi batir ne da ba ya tsufa da wuri.

Sai a nan sola ke shigowa, a ƙarshen layi, ba don ba ta da muhimmanci ba, sai don ginin da aka rage wa ci farantai kaɗan za su ƙosar da shi. Filin jirgin Kochi da ke jihar Kerala a Indiya shi ne misalin da kowa ke kawowa. A watan Agustan 2015 ya ƙaddamar da tashar sola mai megawat 12, farantai sama da 46,000 a fili mai eka 45, ya zama na farko a duniya da sola ke biya wa duk buƙatarsa. A fahimci maganar da kyau: ba wai da daddare rana ke haska musu ba. Da rana suna tura rarar wuta cikin layin gwamnati, da dare su karɓo. Layin ne batirinsu. Inda layin ke faɗuwa ba sallama, wannan lissafin ba ya tsayuwa sai da batira na gaske, kuma su ne masu tsadar. Ko da hakan, sola ta dace da tasha a ƙasa mai zafi, domin lokacin da ta fi bayar da wuta shi ne lokacin da cila ta fi jin yunwa. Sai a kula da abu biyu. A 2012 farantan da aka ɗora a kan ginin ajiye motoci na filin jirgin Manchester-Boston a Amurka sun riƙa haske idon masu aikin hasumiyar kula da jirage da safe, har sai da aka lulluɓe su da tampol, daga baya aka juya musu fuska. Na biyu kuwa namu ne: ƙurar hunturu. Farantin da ba a wanke ba ƙarfinsa raguwa yake yi mako bayan mako, don haka ruwan wanki da albashin masu wankin suna cikin kuɗin aikin tun ranar farko.

Duk wannan ana yin sa ne a ginin da galibi ba a iya rufewa gaba ɗaya. Ana killace ɓangare, a yi aiki da dare, a riƙe tsohon injin da rai har sabon ya kama. Sau da yawa zanen asali ya ɓace, sai an fasa silin ake ganin inda bututu ya bi. Duk da haka barin ƙashin ginin a tsaye riba ce, tunda yin siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya, kuma ginshiƙin da aka zuba a shekarun 1970 an riga an biya nasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba injiniyanci ba ne, tsarin kwangila ne. Wanda ke biyan kuɗin gini daban, wanda zai biya kuɗin wuta daban. Idan mafi arha ne zai ci kwangila, gilashi mai ruɓi biyu da na'urar rage gudu su za su fara zubewa daga takarda, tunda ranar buɗewa ba wanda zai lura babu su. Masu shaguna da gidajen abinci kuma, muddin kuɗin wuta a cikin haya yake, ba su da dalilin kashe ko fitila ɗaya, sai an sa wa kowa mitarsa. Hanyar da ta fi tsare gaskiya ita ce a auna yunit nawa tsohon ginin ke sha a shekara a kan kowane murabba'in mita da kowane fasinja kafin a taɓa shi, a rubuta a kwangila adadin da ake so sabon ya sauko, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har mita ta yi shekara guda tana shaida. Wannan adadin ne nake so 'yan jarida su tambaya game da aikin Legas, da duk wanda zai biyo bayansa a Kano ko Abuja.

Sannan a tambayi wa zai riƙa canja matatar iska. A kowane akwatin hura iska akwai ta, wani abu mai kama da katifar soso da ke tare ƙura. A garin da hunturu ke busawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, 'yan makonni sun isa ta toshe. Idan ta toshe fanka za ta yi ta nishi tana shan wuta, iska ba ta fita. Sai wani ya gaji ya zare ta ya jefar, ƙurar ta wuce kai tsaye ta liƙe a jikin bututan sanyi, cila ta yi ta aiki sanyin bai isa ɗaki ba, har ranar da za ta tsaya. Kuɗin matatar bai kai na tayil ɗin lungu guda ba, amma a kasafin kuɗin gudanarwa yake, ba a na gini ba, kuma takardar neman sa sai ta bi tebur biyar kafin a sa mata hannu.